Garuruwan Madagaska: Wanne Za Ka Ziyarta, Ta Wace Hanya, Cikin Kwana Nawa

Kuskuren da ya fi cin baƙi a Madagaska shi ne auna tafiya da kilomita. Mutum zai duba taswira a waya ya ga daga Antananarivo zuwa Fianarantsoa kilomita 410 ne, sai ya ware awa biyar. A kan titi kuwa wuni guda ne cur, domin hanyar siririya ce, tana ta nannaɗe duwatsu, ga ramuka, ga tireloli, ga amalanken shanu. Duk lissafin da za ka yi, ka ɗora shi a kan kilomita 40 zuwa 50 a awa ɗaya.

Wannan tsibiri na tekun Indiya shi ne na huɗu a girma a duniya. Faɗin ƙasarsa ya kai murabba'in kilomita dubu 587, tsawonsa daga arewa zuwa kudu kusan kilomita 1,600. Manyan titunansa duk daga babban birni, Antananarivo, suke fita kamar yatsun hannu, kuma da wuya ka samu kwaltar da ta haɗa wani yatsa da ɗan'uwansa. Idan kana gabas kana son zuwa yamma, sai ka dawo tsakiya. Haka ma yawancin jiragen sama na cikin gida. Saboda haka mai mako biyu ya zaɓi hanya ɗaya ya bi ta da kyau, mai mako uku ya ƙara ta biyu. A ganinmu, wanda zai je karon farko ya ɗauki hanyar kudu, wadda ake kira RN7.

Kafin ka tashi

Daga Afirka ta Yamma ana zuwa ta Addis Ababa ko ta Nairobi, a sauka a filin jirgin Ivato, kimanin kilomita 16 daga tsakiyar Antananarivo. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu. Ana ba 'yan yawancin ƙasashe bizar yawon buɗe ido a filin jirgi, a biya da tsabar kuɗi, yuro ko dalar Amurka. Ka tabbatar da ƙa'idar da ta shafi fasfonka kafin ka yanki tikiti, ka riƙe tikitin dawowa a hannu, kuma kada ka manta katin rigakafin cutar shawara, domin ana neman sa ga wanda ya fito daga ƙasashen da cutar take.

Yanayinsu akasin namu ne. Damina tana kamawa daga Nuwamba zuwa Maris, kuma tsakanin Janairu da Maris guguwar teku kan afka wa gabar gabas, ta karya gadoji ta datse hanyoyi. Lokacin tafiya shi ne Mayu zuwa Oktoba. Sai dai kada kalmar tsibiri ta sa ka cika jaka da kayan shan iska: a Yuni da Yuli da Agusta sanyin tsaunukan tsakiya da dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, kuma ƙananan masaukai ba su da abin ɗumama ɗaki. Rigar sanyi mai kauri da safa wajibi ne. A gabar teku kuma zazzaɓin cizon sauro yana nan, sai a tafi da magani kuma a nemi ɗaki mai gidan sauro.

Harsunan hukuma biyu ne, Malagasi da Faransanci, tunda Faransa ce ta mulki ƙasar har zuwa 26 ga Yuni 1960. Mutumin Nijar ko Kamaru ko Chadi ba zai sha wuya a birane ba. Mai Turancin Ingilishi kaɗai kuwa ya nemi direba ko ɗan jagora mai jin sa tun kafin ya iso.

Lissafin kuɗi

Sunan kuɗinsu ariari, kuma takarda mafi girma ita ce ta 20,000. Akwai wani tarko a nan da mutanen Maraɗi da Damagaram za su gane nan take. Kamar yadda dala ɗaya take tamma biyar a sefa, haka ariari ɗaya yake faran biyar na tsohon kuɗinsu. An daina aiki da faran a hukumance tun 2005, amma har yau masu sayar da kaya da yawa, idan suka juya zuwa Faransanci, da faran suke faɗin farashi. In mai kayan marmari ta ce dubu goma, mai yiwuwa ariari dubu biyu take nufi. Baƙon da bai sani ba sai ya biya ninki biyar. Maganinsa tambaya ɗaya ce kafin ka zaro kuɗi: ariari ko faran? Ko ka miƙa waya a rubuta maka adadin.

Na'urar cirar kuɗi tana manyan garuruwa kaɗai, kuma katin Visa ya fi samun karɓuwa. Ka ciri abin da zai kai ka babban gari na gaba, ka nemi ƙananan takardu, domin canjin 20,000 yana wuya a ƙauye. Ka sayi layin waya tun a filin jirgi da fasfonka. MVola da Orange Money da Airtel Money suna aiki har a ƙananan garuruwa.

Antananarivo

Kowa Tana yake ce masa. Yana bisa tsaunuka, sama da mita 1,200 daga matakin teku, gidajen jan bulo sun hau juna a jikin tudu, fadamun shinkafa kuma sun shigo har cikin gari. Kwana biyu sun ishe shi. Ka fara da sassafe daga sama, wato fadar sarauniya da ake kira Rova, wadda gobara ta cinye a 1995 aka sake gyara ta. Daga can ana hango tafkin Anosy da dukan birnin. Sai ka gangaro ta dogayen matakalai zuwa kasuwar Analakely. A nan ne 'yan sane suka fi yawa: waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji, fasfo kuma kwafinsa ya fi dacewa da yawo. Bayan magariba kada ka taka da ƙafa, ko da masaukinka kusa ne. Ka hau tasi, ku gama ciniki kafin ka shiga, domin ba su da mita.

Rana ta biyu ka ba Ambohimanga, tudun sarauta mai nisan kusan kilomita 24 a arewa maso gabas, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2001. Gidan Sarki Andrianampoinimerina yana nan, ɗaki guda na baƙin katako, gadonsa a can sama kusa da rufi. A bakin tsohuwar ƙofar gari za ka ga wani faifan dutse da ya fi mutum biyu tsawo, wanda ake mirginowa a toshe ƙofa da dare. Cunkoson motoci a Tana yana da tsanani, don haka ka fita kafin ƙarfe bakwai. Mai neman masallaci da abincin halal ya nufi unguwar 67 Ha.

Mota

Hanyar kudu ana bin ta da ɗayan biyu. Ko dai motar haya da suke kira taksi-burus, wadda ke lodi a tashar Fasan'ny Karana, ko kuma shatar mota da direbanta. Ta haya tana da araha, amma ba ta tashi sai ta cika, kuma 'yan kamasho za su yanyame ka tun daga bakin tasha. Kada ka ba kowa jakarka sai ka isa rumfar kamfani, ka biya, an rubuta maka lambar kujera. Akwai kamfanoni irin su Cotisse da ke tashi a kan lokaci kuma kowa da kujerarsa. Su ake fara nema, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya.

In shata ce, abubuwa uku ake rubutawa kafin a kama hanya: kuɗin mota na kowace rana, wa zai sayi mai (yawanci kai ne), da kuɗin dawo da motar idan za ka rabu da ita a Toliara, ƙarshen hanyar, ka hau jirgi. Wannan na ukun shi ke kawo rigima a ƙarshen tafiya, saboda direba zai yi kwana biyu yana komawa Tana ba fasinja, kuma yana da gaskiya in ya nemi haƙƙinsa. Ko wace mota ka hau, kada ka yarda da tafiyar dare. A kudu akwai ɓarayin shanu da ake kira dahalo, da masu tare hanya, ga motoci marasa fitila.

Hanyar kudu, gari bayan gari

Titin ya haura kilomita 900 daga Tana zuwa Toliara. Ka ba shi kwana takwas zuwa goma.

Kimanin kilomita 70 da fita za ka iso Ambatolampy, garin maƙeran tukwanen alminiyam. Tsayawar rabin awa ta isa. Za ka ga ana danna baƙar ƙasa mai laushi a cikin akwatin katako a fitar da siffar tukunya, a kwararo narkakken ƙarfe, cikin 'yan mintoci a fasa ƙasar a ciro tukunya tana tururi. Tukwanen da ake dafa shinkafa da su a faɗin tsibirin, da yawansu daga nan suke.

Antsirabe tana kilomita 170 daga Tana, awa huɗu ko fiye, a tsayin mita 1,500, kuma tana cikin garuruwan da suka fi sanyi a ƙasar. Masu wa'azin Kirista 'yan Norway ne suka kafa ta a 1872, kuma tana da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Titunanta masu faɗi ne, cike da kekunan fasinja masu launi-launi da mutum ke ja da ƙafa, waɗanda ake kira pus-pus. Ku yanke kuɗi kafin ka zauna, kuma idan an zo hawan tudu kyautatawa ce ka sauka. A wannan gari ne Faransa ta tsare Sarkin Maroko Muhammadu na Biyar daga 1954 zuwa 1955, kuma babban otal ɗin Thermes inda ya zauna yana nan tsaye. Tafkin Tritriva, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, tafiyar rabin wuni ce zuwa da dawowa. Babbar kasuwar garin ranar Asabar take ci, sunanta ma ke nan, Asabotsy.

Wannan suna zai sa ka lura da wani abu mai amfani. Ranakun mako a Malagasi daga Larabci suka fito kamar namu: Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma, Asabotsy. Kuma kamar Talatar Mafara, garuruwa da yawa sunan ranar kasuwarsu suke ɗauke da shi. In ka ga allo an rubuta Alakamisy kaza, ka san ranar Alhamis titin nan zai cushe, sai ka ƙara lokaci a lissafinka, ko ka shirya tsayawa kallo.

Ambositra, kilomita 90 gaba, garin masassaƙa ne. Sassaƙar mutanen Zafimaniry da ke ƙauyukan gabashinsa ta samu shaidar UNESCO a 2003. Ka sayi ƙananan kaya, ka karɓi rasit, ka guji jan katakon nan mai tsada da ake kira bois de rose, domin an hana fitar da shi kuma za a iya ƙwace shi a filin jirgi.

Kafin Fianarantsoa hanya ta rabu zuwa Ranomafana, ƙaramin gari a bakin dajin da aka killace a 1991. Nan ake ganin lemur, dabbar nan dangin biri da asalinta na wannan tsibiri ne. Ba a shiga dajin gwamnati sai da ɗan jagora mai lasisi, kuma kuɗinsa daban yake da kuɗin shiga. Ka shiga da ƙarfe bakwai na safe lokacin da dabbobin ke kiwo. Ruwa yana sauka a nan ko da rani, ƙasa tana da santsi, kuma akwai matsattsaku, saboda haka ka cusa ƙafar wando cikin safa.

Fianarantsoa ita ce cibiyar ƙabilar Betsileo, gwanayen noman shinkafa hawa-hawa a jikin tudu. Sarauniya Ranavalona ta Ɗaya ce ta kafa ta a 1830. Tsohon garin da ke saman tudu ya cancanci yawon awa biyu da yamma. Daga nan jirgin ƙasa ke gangarawa Manakara a bakin teku, kilomita 163, ta gadoji 67 da ramukan dutse 48, layin da aka gina tsakanin 1926 da 1936. Tafiya ce mai kyau ƙwarai, amma injin ya tsufa, yakan yi makonni ba ya aiki, in ya tashi ma yakan kai dare. Ka je tasha da kanka ka tambaya, kuma kada ka ɗaura wata tafiya a washegarinsa. Abin da zai ja hankalin mai karatun allo a yankin Manakara da Vohipeno shi ne mutanen Antemoro, waɗanda suka daɗe suna rubuta Malagasi da haruffan Larabci. Sunan wannan ajami nasu Sorabe.

Ambalavao, kilomita 56 kudu da Fianarantsoa, ita ce garin da za ka daidaita dukan tafiyarka da shi. Karar shanunta tana ci ranar Laraba da safiyar Alhamis, kuma tana cikin mafi girma a ƙasar. Makiyayan ƙabilar Bara suna koro shanu masu tozo da dogayen ƙaho daga kudu, tafiyar kwanaki a ƙafa, kowa da bargo a kafaɗa da sanda a hannu. Karar tana kan wani fili a saman tudu a gefen gari. Ka isa da hantsi kafin a fara lodi, ka tsaya a gefe, domin bijimai kan ƙwace, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum. Wanda ya san karar Wudil ko ta Maigatari zai gane duk abin da ke gudana ba tare da tafinta ba: duba haƙori, shafa tozo, dillali yana kai da kawowa. Idan kana son wannan rana, ka bar Tana ranar Asabar ko Lahadi. A cikin garin akwai masu yin takardar Antemoro da ɓawon itacen avoha: a dafa shi, a daka, a baza a kan ƙyalle cikin ruwa, a jera furanni a kai, a shanya a rana. Kilomita 13 gaba kuma akwai dajin Anja da mutanen ƙauye ke kula da shi, inda lemur mai zoben wutsiya yake kusa da hanya, cikin awa biyu ka gama.

Daga nan ƙasa ta buɗe, shinkafa ta ƙare, sai ciyawa da duwatsu. Ihosy wurin shan mai ne da cin abinci. Ranohira ita ce masaukin masu shiga dajin Isalo, mai kwazazzabai da tafkunan ruwa garai-garai. Ka ba shi kwana biyu, ka ɗauki ruwa lita biyu kowane mutum da hula, domin babu inuwa a saman dutsen. Akwai kaburburan Bara a cikin kogunan dutse, kuma nuna kabari da miƙaƙƙen yatsa haramun ne a al'adarsu. Irin wannan hani suna kiransa fady, kowane yanki da nasa, kuma ɗan jagora zai faɗa maka in ka tambaya. Ilakaka, wadda ta tashi daga ƙauye zuwa gari bayan gano dutse mai daraja da ake kira safir a 1998, a wuce ta da rana. Wanda bai san dutse ba kada ya saya a bakin titi, kwalba ake sayar wa baƙi.

Toliara ita ce ƙarshen wannan hanya, gari mai zafi da ƙura. Yawancin baƙi suna wucewa Ifaty, kusan kilomita 25 a arewa, ko su hau jirgin ruwa da safe zuwa Anakao, ƙauyen masunta Vezo. Da rana iska takan tashi teku ya yi hauka, shi ya sa jiragen ke tafiya da sassafe kawai. Daga Toliara jirgin sama bai kai awa biyu zuwa Tana ba.

Abinci a hanya

Shinkafa ce safe da rana da dare, sunanta vary. Ƙananan gidajen abinci na bakin titi, hotely, suna rubuta miyar ranar a allo. Musulmi ya haddace kalma ɗaya: henakisoa, naman alade ke nan, kuma yana da yawa a tsaunukan tsakiya. Ravitoto, dakakken ganyen rogo, galibi da shi ake dafa ta. Hen'omby naman sa ne, akoho kaza, trondro kifi. Ka ce "Tsy mihinana henakisoa aho", wato ba na cin naman alade. Wanda ke kiyaye yanka ya tsaya ga kifi da wake da ƙwai, sai ya samu gidan abincin Musulmi, waɗanda suke kira Silamo. Da safe za ka ga mata suna suyar mofo gasy a tanda, ƙullun shinkafa ne mai ɗan zaƙi, ɗan'uwan masa. Ruwan ƙanzon shinkafa da ake kawowa da zafi bayan abinci tafasasshe ne, ya fi ruwan famfo aminci.

Sauran yatsun hannun

Mai mako na uku ya duba yamma. Daga Antsirabe hanya ta ratse ta Miandrivazo zuwa Morondava, wuni guda mai tsawo. Kimanin kilomita 20 daga garin akwai layin kukoki da ya yi suna a duniya. Cikin nau'o'in kuka takwas da aka sani, shida a Madagaska kaɗai suke, kuma wannan ba irin tamu ba ce mai gajarta da kauri: santala ce miƙaƙƙiya kamar ginshiƙi, rassan duk a can ƙoli. Da faɗuwar rana wurin yakan cika da mutane, da asuba kuwa kusan kai kaɗai ne. Daga Morondava ake zuwa duwatsun Tsingy na Bemaraha masu kaifi kamar wuƙa, kusan kilomita 200 na turɓaya, da fito biyu a kogunan Tsiribihina da Manambolo. Sai jif mai ja da taya huɗu, kwana uku zuwa da dawowa aƙalla, kuma da damina hanyar a rufe take.

Mahajanga a arewa maso yamma, kilomita 570 a kan RN4, ita ce garin da Musulmi zai fi sakewa. Tsohuwar tashar jiragen ruwan Larabawa da Indiyawa da mutanen Komoros ce, masallatai da yawa, ana jin kiran salla, naman halal ba ya wuya. Da yamma gari duka yakan fito bakin teku wajen wata tsohuwar kuka mai kaurin gaske, ana gasa tsire ana shan iska. Dajin Ankarafantsika yana kan hanya, ya dace da yada zango don raba tafiyar biyu.

Gabas ita ce mafi kusa. Andasibe tana kilomita 140 daga Tana a kan RN2, kuma nan ake jin kukan indri, lemur mafi girma, da safe. Kwana biyu sun isa, shi ya sa ta dace da cike ragowar kwanaki. Toamasina, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, tana kusan kilomita 350, titin cike da tireloli. Kasuwarta ta Bazary Be wurin sayen kanumfari ne da banila da barkono. Banila mai kyau tana da laushi da maiƙo, tana lanƙwasuwa a yatsa ba ta karye ba. Busasshiya mai karyewa ta rasa ƙamshinta.

Antsiranana da tsibirin Nosy Be a can arewa tafiya ce mai zaman kanta. Ta mota zuwa Antsiranana ta haura kilomita 1,000, don haka jirgin sama ake hawa.

Duk inda ka ƙare, ka dawo Tana kwana ɗaya cikakke kafin ranar jirginka na komawa gida, kwana biyu in da hali. Jiragen cikin gida sukan sauya lokaci ko su soke tashi, wani lokaci a ranar, kuma kamfanin da zai kai ka Addis Ababa ko Nairobi ba zai jira ka ba. Daren ƙarshe ka kama ɗaki a unguwar Ivato kusa da filin jirgi, ka canza ragowar ariarinka kafin ka shiga ciki, domin a wajen ƙasar ba mai karɓar sa.